Tauraron ɗan'adam na ɗaukar hoton gonakin Ɗambatta kyauta, amma wa zai faɗa masa abin da aka shuka?

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da rana ta fara cizo manoma suka soma waiwayen inuwa, wani tauraron ɗan'adam yakan ratsa samaniyar Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, yana tafe a nisan kilomita 786 daga doron ƙasa. Babu mai jin ƙararsa, babu mai ganinsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ɗauke hoton gonaki da kududdufai da burtalai, ya gangara kudu. Bayan kwana biyar, shi ko ɗan'uwansa zai sake biyowa ta nan. Sunan wannan ayari Sentinel-2, na Tarayyar Turai ne, ƙarƙashin shirinta mai suna Copernicus. An harba na farko a watan Yunin 2015, na biyu a Maris na 2017, na uku kuma a Satumban 2024. Abin da ya fi jan hankali shi ne hotunan kyauta ne, har ga wanda zai yi kasuwanci da su. Duk mai waya da ɗan data zai iya buɗe shafin Copernicus Browser ya leƙa gonar gidansu yadda take a makon da ya wuce.

Akwai abu biyu da ake yawan rikitawa a nan. Wannan ba irin tauraron Starlink ba ne da ya shigo Najeriya a farkon 2023. Shi wancan intanet yake kawowa, wannan kuwa kyamara ce ke yawo a sama. Haka kuma ba shi ne hoton da ake gani a Google Maps ba, wanda ke nuna rufin ɗaki tar amma sau da yawa ya shekara ɗaya ko biyu ko fiye da ɗauka. Hoton Sentinel-2 dishi-dishi ne, sai dai sabo ne, kuma yana zuwa a kai a kai, abin da mai bibiyar lafiyar ƙasa ya fi buƙata ke nan.

To idan hoto kyauta ne, ina abincin ƙaramin ɗan kasuwa a ciki? Amsar tana cikin yanayin gonakin arewacin Kano su kansu. A irin wannan ƙasa tauraron yana gani, amma sau da yawa ba ya gane abin da ya gani, kuma wanda zai fassara masa sai ya taka gonar da ƙafarsa.

Ƙasar da masana suka daɗe suna leƙe

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin ƙasa. Tun shekarun 1960 wani Bature ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, ya yi ta rubutu a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ana noma gona ɗaya kowace shekara babu hutu, mutane na ta ƙaruwa, amma ƙasar ta ƙi mutuwa kamar yadda lissafinsu ya hango. Ga ɗan gari ba wani sirri ba ne. Takin tumaki da awaki da sharar gari da jakuna ke kaiwa gona a mangala. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda. Kara da harawa su koma cikin dabbobi. Itatuwa kuma a bar su tsakiyar shuka, kowacce da mai ita. Ƙauyen Tumbau da ke ƙaramar hukumar Gezawa na cikin wuraren da aka zauna aka yi wannan nazari dalla-dalla a shekarun 1990.

Da hotunan sama suka wadata, sai suka fito da wani abu da ya saɓa wa labarin da kunne ya saba ji, wato cewa itace na ƙarewa. A 2018 wasu masu bincike biyu, Muhammad Usman da Janet Nichol, sun kwatanta tsofaffin hotunan sama na karkarar Kano da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka kuma shiga gonaki suka duba da ido. Sun iske itatuwan gona sun ƙaru ƙwarai cikin kusan rabin ƙarni. Sai dai kaso mai tsoka na ƙaruwar darbejiya ce, itatuwan asali da dama kuwa suna ja da baya. Hoto ne ya ƙirga kawunan itatuwa, amma mutanen da suka shiga gona ne suka san wace ce wace. Da an tsaya ga hoto kaɗai, da rabin labarin aka ji.

Haka ta faru a tsallaken iyaka. Manoman Maraɗi da Damagaram sun shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu suna barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, abin da ake kira sassaben zamani. Sai da masana irin su Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka jera hotunan da da na yanzu, suka kuma bi ƙauyuka, sannan duniya ta san an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. A 2020 kuma wata tawaga ƙarƙashin Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagen ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. Kafin kwamfuta ta iya wannan, sai da aka zauna aka zana mata itatuwa kusan dubu 90 da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina aka duba, a bayan hoton akwai guminsa na ɗan'adam.

Lissafin ɗigo

Kowane hoto na dijital tarin ɗigo-ɗigo ne. A hoton Sentinel-2 mafi kyau, ɗigo ɗaya yana wakiltar fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10. Hekta ɗaya ɗigo 100 ke nan. Yanzu a ɗauki gona mai rabin hekta, irin wadda rabon gado ya bar wa magidanta da yawa a Tsanyawa ko Minjibir. Idan mai kusurwa huɗu ce daidai, kusan mita 70 ce kowane gefe, wato ɗigo 7 sau 7, jimla 49. A cikinsu 24 suna kan iyaka, sun haɗa da gonar maƙwabci ko layin gamba ko hanyar ƙafa. Saura 25. Idan akwai ɗorawa ko mangwaro biyu a tsakiya, sun cinye wasu. Abin da ya rage na tsantsar shuka bai taka kara ya karya ba, kuma shi ma ɗin gero ne da wake a cakuɗe. Tauraron Landsat na Amurka, wanda aka fara harbawa a 1972 aka kuma buɗe rumbun hotunansa kyauta a 2008, ɗigonsa mita 30 ne, don haka gonar nan gaba ɗayanta ba ta wuce ɗigo biyar zuwa shida a wurinsa ba. Amfaninsa shi ne tarihi: da shi ake ganin yadda birni ya ci gonakin Ungogo da Dawakin Tofa cikin shekaru arba'in.

Manhajojin da ake ƙerawa a Turai da Amurka an horar da su ne a kan gonaki masu hekta ɗaruruwa, amfani iri ɗaya, layi a miƙe. Idan aka ɗauko su aka ɗora wa gonakin Makoɗa ba tare da gyara ba, za su ba da amsa da cikakken ƙarfin gwiwa, amsar kuma ta zama shirme.

Ga yadda tauraron ke gane kore. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke gaba kaɗan da ja. Kyamarar Sentinel-2 tana ɗaukar kala 13, har da wannan ɓoyayyen. Idan aka gwama biyun sai a samu wata lamba da ake kira NDVI, ma'aunin tsananin kore. Lambar na da amfani sosai wajen gane inda shuka ta tsaya cak saboda fari, ko inda ruwa ya kwanta. Amma ita kore kawai ta sani. Gonar da ciyawa ta rufe saboda mai ita ya kwanta rashin lafiya za ta fito shar, ta fi ta maƙwabcinsa da ya yi noman farko da maimai a kan kari. Ƙuduji da ke shan jinin dawa ta ƙarƙashin ƙasa ya gama ɓarnarsa kafin lambar ta motsa.

Sannan ga gawo, wanda kamar da gangan aka halicce shi don ya rikita kwamfuta. Da damina, lokacin da komai ya yi kore, shi yake zubar da ganye. Da rani, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, shi yake yin lif. Manhajar da ta ƙirga itatuwa da hoton Agusta za ta tsallake shi. Wadda ta duba hoton Fabrairu kuwa za ta iya ɗaukar tarin gawo a matsayin lambun rani. Yaron da ya taɓa kora awaki su ci 'ya'yan gawo ya san wannan tun kafin ya shiga firamare.

Matsala ta ƙarshe ita ce sama kanta. A Yuli da Agusta, daidai lokacin da aka fi son ganin gona, hadari kan rufe hoto bayan hoto. Da hunturu kuma hazo ya dusashe launuka. Akwai tauraron Sentinel-1 mai aiki da rada, wanda ke ratsa gajimare dare da rana, sai dai karanta hotonsa ya fi wuya, kuma ya fi kowanne buƙatar a gwada shi da abin da ke ƙasa.

Hajar da ba a sauko da ita daga intanet

Duk waɗannan giɓi abu ɗaya ke cike su: shaida daga ƙasa. Wani ya tsaya a gona, wayarsa ta ɗauki lambar wurin ta GPS, ya rubuta cewa nan gero ne da wake, an shuka bayan ruwan kaza, akwai gawo uku da kuka ɗaya, ya ɗauki hoto. Idan aka tara irin wannan ɗari biyar ko dubu daga ƙaramar hukuma ɗaya, sai a koya wa kwamfuta yadda gero da wake ke bayyana daga sama a wannan yanki, ita kuma ta faɗaɗa zuwa sauran gonakin da ba a taka ba. Kamfanin da ke Landan ko Nairobi zai iya sauke hoton Kunchi cikin minti ɗaya, amma ba zai iya sauke wannan ba.

Kano ta taɓa ganin irin wannan aiki, a fannin lafiya. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano ƙauyuka da rugage da ba sa cikin tsofaffin taswirorin da aka zana da hannu, aka tura matasa suka tabbatar da sunayensu, masu rigakafi kuma suka riƙa yawo da wayoyi masu GPS don a san inda aka je da inda aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Bayan nasarar lafiya, aikin ya bar wa jihar matasa da suka iya tattara bayanai da waya da haɗa taswira. Hannun da ya iya wancan zai iya wannan.

A fannin noma ma an riga an fara. Babban Gona, da aka kafa a 2012, da ThriveAgric, da ya zo a 2017, duk suna aiki da wakilai da ke zagaya gonakin manoma da manhaja suna ɗaukar iyaka kafin a ba da bashin taki da iri. Kamfanin inshorar noma na Pula, wanda ya taso daga Kenya ya kuma yi aiki a Najeriya, yana haɗa bayanan sama da yankan gwaji: a keɓe ɗan fili a gona lokacin girbi, a yanke, a auna, a san abin da yankin ya samu. Rural Farmers Hub na Abuja yana da manhajar Capture da ke ba da shawarar noma daga hotunan tauraron ɗan'adam. Hello Tractor kuma ya dogara ne da wakilan ƙauye da ke tara buƙatun masu son tarakta. Kowane ɗayansu, idan aka tone, a kan mutum mai waya da babur yake tsaye.

A nan ne ƙananan sana'o'in da suka riga suka kafu a ƙauye suke da fifiko a kan baƙo. Mai shagon taki da maganin feshi a kasuwar Ɗambatta ya san wanda ke noma me, domin shi ke sayar musu. Mai POS yana da caji da data da amanar mutane. Mai shagon kwamfuta da ke cika wa ɗalibai fom ɗin JAMB yana da na'urar buga takarda da ke zaman banza rabin shekara. Ko da babu wani kamfani daga waje, awon gona kaɗai sabis ne da ke da mai saye. Binciken Bankin Duniya a ƙasashen Afirka da dama ya nuna masu ƙananan gonaki kan zarce wajen ƙiyasta girman filinsu. Wanda ya ɗauka eka biyu gare shi alhali ɗaya da rabi ce, zai biya kuɗin tarakta fiye da kima, ya kuma kuskure ma'aunin taki da na feshi. Zagaye ɗaya da waya ya warware wannan, kuma iyakar da aka ɗauka yau ita ce za a ɗora a kan hoton sama gobe.

Wa ke biya?

Gaskiyar magana, ba manomi ba ne zai ciyar da wannan sana'a. Mutumin da ke lissafin kwanon taki ba zai sayi taswira mai launi ba, kuma duk wanda ya gina kasuwancinsa a kan wannan fata zai rufe kafin kaka. Kuɗin yana hannun waɗanda dole ne su kawo hujja ga wani na sama da su.

Mafi girma a cikinsu ayyukan gyaran ƙasa ne. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Akwai kuma hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ta ƙasa, da aka kafa da doka a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da take aiki. Tsohuwar al'ada ita ce a ƙirga dashen da aka raba ranar biki, a ɗauki hoto da manyan baƙi, shi ke nan. Masu ba da kuɗi yanzu tambayarsu daban: nawa suka rayu bayan rani biyu, kuma a ina? Dashe mai wata shida bai kai girman da Sentinel-2 zai gan shi ba. Sai an je an duba, an ɗauki lambar wuri, an sake komawa. Babu ofishin da ke da ma'aikatan da za su yi wannan a kowace mazaɓa, duk shekara.

Bayan su akwai masu bincike, irin su Cibiyar Nazarin Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da cibiyar IITA mai gonar gwaji a Minjibir. Akwai masu ba da bashi da inshora. Akwai manyan 'yan kasuwar Dawanau da ke fitar da riɗi da zoɓo, waɗanda masu sayensu a waje ke ƙara son sanin daga ina kaya ya fito. Ƙungiyoyin masu noman rani a madatsun Thomas da Watari ma suna da tambayar da hoto ke amsawa da kyau, domin ruwa na cikin abubuwan da tauraro ya fi iya ganewa: yaya faɗin ruwan bana idan aka kwatanta da na bara a irin wannan wata? Dandalin Digital Earth Africa, da aka ƙaddamar a 2019, yana da wannan bayani a shirye, kyauta. Abin da ya rage shi ne wanda zai ciro shi ya bayyana wa shugaban ƙungiya da Hausa.

Wani zai tambaya, ina namu taurarin? Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a Satumban 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, ƙarƙashin hukumar NASRDA. Sun daɗe da haura shekarun da aka ƙera su su yi. A aikace, matashin da zai fara yau da hotunan Turai da Amurka zai fara.

Kayan aikin ba su da yawa. Waya mai Android da batirin ajiya. KoboCollect ko ODK don cika fom ba tare da sabis ba. QField ko SW Maps don ɗaukar iyaka. QGIS a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce daga Farm Centre. Duk kyauta ne ban da na'urorin. Taswirar ƙasa ta iSDAsoil, da ta fito a 2020, tana ba da ƙiyasin sinadaran ƙasa a ɗigon mita 30, amma ƙiyasi ne, ba ya maye gurbin gwajin ƙasa. Hattara biyu: fayil ɗin Sentinel-2 guda na iya kai kusan gigabait ɗaya, don haka a yanki gonar da ake so a cikin burauza maimakon sauke duka, Google Earth Engine kuma kyauta ne ga ɗalibai da masu bincike, amma na kasuwanci biya ake yi. Jirgi mara matuƙi yana ba da hoto mai kyau matuƙa, sai dai tashinsa na buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a halin da ake ciki, ɗaga shi a kan ƙauye ba tare da sanin mai gari ba neman fitina ne.

Inda gizo ke saƙa

Haɗari na farko a kan matashin kansa yake. Tsarin da aka fi gani shi ne a biya shi kan kowace gona da ya shigar, a kwashe bayanan zuwa wata kwamfuta a wata ƙasa, a horar da manhaja, a sayar da sakamakon da dala. Shekara mai zuwa manhajar ta iya, ba a neme shi ba. Bambancin ɗan ƙwadago da ɗan kasuwa a nan shi ne rajista da yarjejeniya a rubuce: ƙungiyar matasa biyar da ke da rajistar CAC, da tarin iyakokin gonaki na mazaɓarsu da suke sabuntawa duk damina, tana sayar da izinin amfani da bayanai ne, ba ta miƙa su gaba ɗaya. Biyan kuɗi kan kowace gona yana kuma haifar da wata cuta da duk wanda ya yi aikin ƙidaya ya sani: a zauna a gindin bishiya a cika fom hamsin. Hoton sama yana tona wannan cikin sauƙi, domin gonar da aka ce ta gero ce sai a gan ta a tsakiyar kwalta. Sau ɗaya ya isa a daina kiran mutum.

Haɗari na biyu ya fi nauyi, domin a kan manomi yake faɗawa. GPS ɗin waya yana kuskuren mita uku zuwa biyar ko a rana mai kyau. A gonar rabin hekta wannan ya isa ya haɗa 'yan'uwa faɗa. Zanen da waya ta yi ba takardar mallaka ba ne. Safiyon da doka ta sani sai na mai rajista da hukumar SURCON. Duk wanda ya buga zanen waya ya sa masa hatimi ya miƙa wa manomi kamar shaidar fili, awon igiya ya yi da sabon salo.

Sannan wa ake rubutawa a matsayin mai gona? A wannan yanki akwai gonar gado, akwai ta aro, ta haya, ta jingina, akwai gayaunar da miji ya yankar wa matarsa ko uba ya yankar wa ɗansa. Fom ɗin da aka tsara a waje gurbi ɗaya yake da shi: suna. Idan aka sa sunan wanda aka tarar yana noma, mai asalin gonar da ya tafi cin rani Legas ya ɓace daga rajista. Idan aka sa na maigida, matar da ke noma riɗinta ba za ta ga tallafi ko diyyar inshora ba. Itace ma haka: wanda ya karɓi jingina ba lalle ne yana da iko da ɗorawar da ke ciki ba. Wannan zai ƙara zafi yayin da masu cinikin kabon, waɗanda ke biyan kuɗi don itatuwan da ke shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, suka fara leƙo gonakin Sahel da yarjejeniyoyi na shekaru masu yawa. Kafin wani ya dangwala yatsa, ya kamata a karanta masa da Hausa cewa ko zai iya sassaƙe reshe ya ba dabbobinsa, ko ya sare itacen ranar da aurar da 'ya ya taso.

Doka ma ta shigo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta a sami hujjar doka, galibi yardar mutum, kafin a tattara bayanansa, a kuma faɗa masa me za a yi da su. Sunan manomi da lambar wayarsa da wurin gonarsa, idan suka haɗu a fayil ɗaya, ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, balle a lokacin da masu garkuwa ke neman sanin wa ya yi kaka mai kyau.

Aikin yana da kalandarsa, kuma ba ya jira. Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona, su ne na ɗaukar iyaka, domin fili a buɗe yake, gamba da aguwa suna nuna layi, masu gona kuma suna nan a tambaye su a gaban maƙwabta. Agusta na rubuta abin da aka shuka ne, tun kafin gero ya nuna a yanke shi wake ya mamaye wurin. Satumba zuwa Nuwamba na awon girbi ne. Janairu da Fabrairu na ƙirgar itatuwa ne, lokacin da gawo ya yi ganye, gonaki kuma suka zama fili. Hoton Agustan bara yana nan ajiye a rumbun Copernicus, ko bayan shekara goma za a iya buɗe shi, amma idan ba a rubuta abin da ke cikin gonar a wannan watan ba, an riga an cinye geron, awaki sun gama da harawar.